Taare Zameen Par: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Kalla

Fim ɗin Indiya ba baƙo ba ne a Mubi. Yau a waya ake tura shi, a kalla a shago ko a tsakar gida. Abin da ke yi wa magidanci wuya shi ne samun wanda zai kunna a gaban 'ya'yansa hankalinsa kwance. Taare Zameen Par, wanda ya fito a watan Disamba na 2007, yana cikin 'yan ƙalilan da suka cika wannan sharaɗi. Babu labarin soyayya a cikinsa, babu rawar saurayi da budurwa, babu damben jarumai.

Aamir Khan ne ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin malami, Amole Gupte ya rubuta labarin. Amma fim ɗin na yaron ne, Darsheel Safary, wanda ya fito a matsayin Ishaan ɗan shekara 8. Sai an kusa raba fim ɗin biyu kafin Aamir Khan ya bayyana, kuma mai kallo ba ya jin rashinsa, saboda yaron ya riƙe labarin da idanunsa kawai.

Ishaan ba ya iya karatu. Haruffa suna birkice masa, yana rubuta b a gurbin d, malamai suna korarsa waje, yayansa kuma shi ke zuwa na ɗaya a aji. Mahaifinsa ya yanke cewa taurin kai ne, ya kai shi makarantar kwana don a ladabtar da shi. Can yaron ya daina magana, ya daina zanen da yake so. Sabon malamin zane, Nikumbh (Aamir Khan), shi ne ya duba littattafansa ya lura cewa kurakuran iri ɗaya ne suke maimaituwa. Larurar ana kiranta disleksiya: ƙwaƙwalwar yaro tana wahalar haɗa harafi da sautinsa, alhali basirarsa lafiya lau take. Ba aljanu ba ne, ba lalaci ba ne, kuma bulala ba ta maganinta.

Nan ne fim ɗin ya shafe mu. Wane aji ne a garin nan babu yaron da aka yi wa laƙabi da daƙiƙi? Mubi gari ne na ilimi, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Jihar Adamawa, amma a firamare ake yanke wa yaro hukunci, tun kafin ya san hanyar waɗannan makarantu. Sai dai a yi hattara. Yaron da ya tashi da Fulatanci ko Gude ko Fali a gida, yana Hausa a unguwa, aka tare shi da Turanci a aji, zai iya jinkirin karatu ba tare da wata larura ba. Haka wanda rikici ya katse wa karatu, kamar yadda ya faru da yara da yawa lokacin da Boko Haram ta mamaye garin a Oktoban 2014. Fim ɗin ba zai koya wa kowa gane larura daga kallo ɗaya ba. Abin da yake koyarwa shi ne a tsaya a duba kafin a zagi yaro.

Waƙoƙin, waɗanda Shankar-Ehsaan-Loy suka yi wa kiɗa, ba ado ba ne. Su ne ke faɗin abin da yaron ya kasa furtawa, musamman wadda aka rera lokacin da iyayensa suka tafi suka bar shi a makaranta. Uwa da wuya ta kalli wurin nan ba ta share hawaye ba.

Yana da aibi. Ya wuce awa biyu da rabi, ƙananan yara za su gaji. Gyaruwar Ishaan ta zo da sauri, cikin 'yan mintuna, inda malamin ke sa shi rubutu a yashi da ƙirga a matattakala. A zahiri wannan aiki ne na shekaru. Kuma an ba yaron baiwar zane don a ja hankalinmu mu so shi, alhali wanda ba shi da wata baiwa ta musamman ma ya cancanci a yi haƙuri da shi.

Duk da haka ya cancanci kallo, kuma manya sun fi yara buƙatarsa. Kada a miƙa wa yara waya a tafi. Uba ya zauna, uwa ta zauna, malamin firamare da na Islamiyya su nema su kalla. Idan akwai yaron da ake cewa ba ya ja a gidanku, ku ɗauko littafinsa ku duba irin kurakuran da yake yi, sannan ku je ku sami malaminsa.