Idan Ƙasa Ta Saki: Daga Nigata Zuwa Fadamar Haɗejiya



Mutumin Haɗejiya bai san girgizar ƙasa ba sai a labarai. A Najeriya ma ɗan motsi kawai aka fi ji, irin wanda ya firgita mutanen Kwoi a jihar Kaduna a 2016, da mazauna Mpape a Abuja a 2018. Amma ɓarnar da take yi wa titi da gada da bututu, manomin fadama zai gane ta nan take.

A watan Yuni na 1964 girgizar ƙasa ta afka wa Nigata, birnin ƙasar Japan da ke bakin kogin Shinano, bisa yashi mai cike da ruwa. Da ƙasa ta kaɗa, yashin ya saki, ruwan ƙarƙashi ya taso, ƙasar da take tauri ta koma kamar kunu. Gadar Showa sabuwa ce fil, amma ginshiƙanta suka goce, sassanta suka rikito cikin kogi. Wasu benaye ko tsagewa ba su yi ba, kishingiɗa suka yi ɗungurungum. Bututun ruwa suka kakkarye a binne, layin dogo ya lanƙwashe.

To, fadamar Haɗejiya ma yashi ce da laka da kogi ya daɗe yana jibgewa, ruwa kuma ba nisa a ƙasa. Nan ba sai an jira girgiza ba, ambaliya ta isa. Ruwan kogin Kano da na Challawa ne ke gangarowa, bayan ya ratsa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992. Idan damina ta yi nauyi a Agusta da Satumba, ga ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya bazu a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri. A 2022 Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Ruwa ba ya fara cin titi ta sama. Ta gindi yake shiga, ya jiƙe cikon ƙasar da aka ɗora kwalta a kai, ya riƙa kwashe ta sannu a hankali ta gefen kwalbati. Direba na ganin kwalta lafiya lau, alhali ƙarƙashinta rami ne, sai babbar mota ta taka ta rufta.

Daga nan kuma komai ya bi baya. Turakun lantarki su karkata, motar masu gyara ba hanyar zuwa. Tankar mai ta tsaya, injin burtsatse ya yi shiru. Masai ya haɗe da rijiya, amai da gudawa ya kunno kai, mara lafiya kuwa sai kwale-kwale ya fitar da shi. Kifi da shinkafar da ya kamata su kai kasuwar Haɗejiya su maƙale a ƙauye. Cikin gari kuma matasa su kwana suna cika buhuna da yashi suna ɗaga jinga.

Abin takaicin shi ne gyaran da ke biyo baya. Bayan 1964 injiniyoyin Japan sun duƙufa nazarin yadda yashi ke saki, suka shiga daddanne ƙasa kafin gini, suna kafa ginshiƙi mai zurfi. A fadama kuwa sau da yawa da ruwa ya janye sai a zuba jar ƙasa a ramin, a mayar da kwalbati daidai girman wanda ruwa ya tafi da shi.