Dawowar 'Yan Kadet Makarantunmu: Me Fareti Yake Koya wa Yaro?

Duk wanda ya leƙa filin da ake bikin Ranar Yara a 27 ga Mayu, ko na samun 'yancin kai a 1 ga Oktoba, ya san inda kallo yake komawa. Ɗalibai za su yi ta wucewa ana tafa musu sama-sama. Da zarar 'yan kadet sun taso, takalma na ƙyalli, badujala na tashi, ɗan shekara goma sha shida yana gaba yana daka tsawa, sai fili ya ruɗe. A 'yan shekarun nan makarantun da ke kafa irin wannan ƙungiya sai ƙaruwa suke, har da na kuɗi, waɗanda ke manna hoton yara cikin kaki a allon tallarsu.

Abin yana da asali. A 1954 aka kafa rundunar yara a Zariya, wadda ta zama Makarantar Soja ta Nijeriya, inda su Tunde Idiagbon da David Mark suka yi karatu. Kafin nan, a 1951, Alec Dickson ya buɗe cibiyar horar da matasa shugabanci a Man O' War Bay, a ƙasar Kamaru ta yau, kuma reshenta na tsaunukan Shere kusa da Jos yana nan har gobe. A zamanin Sardauna kuwa, gwamnatin Arewa ta riƙa bin makarantun sakandare tana kwaɗaitar da samari shiga soja, domin Arewa ta cike gurbinta a sahun hafsoshi. Kwalejin Barewa ta fitar da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad, ta Bida kuma ta fitar da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar. Iyaye ba su manta da wannan tarihi ba.

Amma abin da ke tura su yau ya fi kusa da gida. Uba yana ganin shaye-shaye da daba sun cinye 'ya'yan maƙwabta, yana neman inda za a riƙe masa nasa. Ga rashin aiki: aikin kaki, soja ne ko ɗan sanda ko kwastan, yana cikin 'yan ƙofofin da talaka yake ganin ɗansa zai iya shiga, don haka gara ya saba tun yanzu. Sai kuma tsoro. Tun da aka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, wasu ke ganin horon soja kariya ne. Wannan hujjar ba ta da ƙarfi, kuma tana da haɗari. Yaro mai bindigar katako ba maigadi ba ne; tsaron makaranta nauyin gwamnati ne.

Amfanin horon a fili yake. Yaron da ya tashi da asuba ya goge kakinsa, ya tsaya a layi kafin a busa bigila, ya koyi mutunta lokaci. Fareti kuma yana daidaita ɗan attajiri da ɗan lebura: wanda ya saɓa ƙafa ya ɓata wa kowa, ko ɗan wane ne. Na fi jin daɗin abin da yake yi wa 'yan mata. Yarinyar da ba ta iya ɗaga murya a aji, ka gan ta da hijabinta ƙarƙashin hula tana ba da umarni, samari arba'in suna juyawa da kalmarta, wannan ba za ta ƙara raina kanta ba.

Sai dai bin umarni daban, shugabanci daban, kuma a nan ne yawancin makarantu suke tsayawa rabin hanya. Makonni ake kwashewa ana lef-rai cikin rana domin minti biyar na wucewa gaban babban baƙo. An ci kofi, an ɗauki hoto, an ninke kaki sai baɗi. Yaro ɗaya ne ya yi kwamanda, sauran sun koyi yin shiru. Shugabanci kuwa ana koyonsa ne idan an damƙa wa yaro amana: a ba shi mutum goma ya tsara musu aikin gayya, ya raba abinci ba tare da ya fifita abokinsa ba, ya yanke shawara, idan ta ɓaci ya tsaya ya amsa. Abin da horon hawan dutse na Shere yake nufi ke nan, kuma shi ne abin da 'yan agajin ƙungiyoyin addini suke samu a filin Idi, inda suke tsara dubban mutane ba tare da makami ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Inda babu malami mai sa ido, igiyar kofur a hannun ɗan aji shida takan zama lasisin zalunci. Tsallen kwaɗo, gwale-gwale, a sa ƙaramin yaro birgima cikin taɓo da sunan horo. Wanda aka yi wa haka bana, shi zai yi wa na ƙasa baɗi. Darasin da yake fita da shi shi ne kaki yana ɗora mutum sama da doka, kuma ƙasar da ta yi kusan shekara talatin ƙarƙashin mulkin soja ba ta buƙatar a ƙara koya wa 'ya'yanta wannan. Ga kuma kuɗin kaki da takalmi, wanda kan hana ɗan talaka shiga, alhali shi ya fi buƙata.

A ganina bai kamata a rushe ƙungiyoyin ba, gyara suke so. Ma'aikatun ilimi su tabbatar duk makarantar da ke da 'yan kadet tana da malami horarre da zai amsa laifin duk abin da ya faru, a haramta wa ɗalibi hukunta ɗalibi, a sa taimakon gaggawa da kashe gobara da hidimar unguwa cikin horon. Iyaye kuma, idan kun je ziyara, kada ku tsaya ga kallon maci. Ku ja ƙananan yara gefe ku tambaye su yadda kwamandansu yake bi da su a ɗakin kwana.