Hoton Tarihi da Bayanin da ke Ƙarƙashinsa

Manazarcin da ya ɗauko magana daga littafin wani yakan ambaci marubuci da shekara da shafi, domin ya san za a tuhume shi in bai yi haka ba. Amma idan aka zo kan hoto, sau da yawa sai ya manna shi a kundinsa, ya rubuta "Kano a zamanin da" a ƙarƙashi, shi ke nan. Alhali kuwa hoto hujja ne kamar nassi, har ma ya fi nassi saurin ruɗin mai karatu, don ido ba ya musun abin da ya gani.

Abin da ya kamata a fara tantancewa shi ne, hoto ne ko zane? Hausa ta haɗa su duka a kalmar "hoto", kuma daga nan ruɗani ke farawa. Sai a shekarar 1839 aka bayyana wa duniya hikimar ɗaukar hoto a Faransa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa ya rasu a 1817. Ke nan duk surar da aka ce tasa ce, ko dai zane ne na wanda bai taɓa ganinsa ba, ko kuma hoton wani mutum dabam. Haka abin yake ga Sarauniya Amina ta Zazzau. Ko siffar birnin Kano da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Barth, wanda ya iso garin a 1851, ba kyamara ce ta ɗauke ta ba. Barth ya zana abin da ya gani, sa'an nan wani mai zane a Jamus, Bernatz, ya gyara shi domin bugu. Wajibi ne bayani ya ce "zane", ya kuma ambaci hannuwan nan biyu.

Sai batun shekara da wuri. Hotunan hawan daba sun yi kama da juna ƙwarai: dawaki, lifidi, algaita, ƙura. Amma dabar da aka yi wa Yarima mai jiran gadon Ingila a Kano a 1925 dabam take da wadda aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Wanda ya san jerin sarakuna yana iya kama kuskure da kansa. Abbas ya yi sarautar Kano daga 1903 zuwa 1919, Usman daga 1919 zuwa 1926, sa'an nan Abdullahi Bayero har 1953. Don haka hoton da aka ce na dabar 1925 ne, kuma aka ce Sarkin Kano Abbas ne a ciki, ɗayan biyun ƙarya ne. Inda shekara ba ta tabbata ba, a rubuta "wajen" ko "tsakanin", a faɗi dalilin kintacen.

Wurin da ya fi bukatar hattara shi ne bayanin asali, wato wanda mai ɗaukar hoton ko mai buga katin ya rubuta. A Gwalkwas, wato Gana ta yau, Turawa sun saba kiran sojan da aka ɗauko daga arewa "Bahaushe", ko da Hausa ba harshen uwarsa ba ce. Manazarcin da ya kwafi wannan suna kai tsaye ya mai da kuskuren wani nasa. Wanda ya goge shi kuma ya ɓatar da shaidar yadda Turawan suke kallon mutane. Hanya mafi dacewa ita ce a kawo kalmomin asali cikin alamar zance, a fassara su, sa'an nan manazarci ya ƙara nasa gyaran a fili, yadda mai karatu zai bambance muryoyin biyu.

Daga ƙarshe sai inda hoton yake ajiye. In a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna aka samo shi, ko Gidan Arewa, ko Gidan Makama a Kano, a ambaci wurin da lambar ajiya, da sunan mai ɗauka in an san shi. In daga littafi ne, a ba da littafin da shafi. Hoton gado da ke hannun iyali ana neman izininsu, a kuma rubuta wanda ya bayyana sunayen mutanen ciki da ranar da ya faɗa, tamkar yadda ake yi da hira. "Intanet" kuwa ba madogara ba ce, hanya ce kawai da hoton ya bi. In an datse gefen hoton, ko an sa masa launi da kwamfuta, shi ma a faɗa a cikin bayanin.