Daren da Muka Kalli Ƙwallo a Ƙonni

'Yan'uwana mata, musamman ku 'yan makaranta da kuke yawan tambayata wai me ya sa a littattafaina ban taɓa sa saurayi mai son ƙwallo ba. To yau dai ga labarin ƙwallo na kawo muku, sai dai ba ƙagagge ba ne, a kan idona aka yi shi, kuma sai da na nemi izinin mai abin kafin na ɗauki biro.

Ga wadda ba ta san Illela ba, idan kika taso daga Sakkwato kika wuce Kware da Gwadabawa, ita ce zangon ƙarshe kafin ki taka ƙasar Nijar. Daga ita sai Birnin Ƙonni. Mu da muka tashi a nan ba mu taɓa ɗaukar Ƙonni a matsayin ƙasar waje ba, domin kuwa ranar Lahadi su ne a kasuwarmu, ranar Laraba mu ne a tasu, ga auratayya, ga harshe ɗaya. Gwaggona ma a can take aure tun ba a haife ni ba. Ban san ni baƙuwa ce a garin ba sai daren Lahadi 11 ga Fabrairu, 2024.

Bikin 'yar gwaggon ne ya kai mu, ni da autarmu. Lokacin kuwa iyaka a rufe take, tun bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da take ba su, alhali mafi yawan wutarsu daga nan take zuwa. Biki dai ba ya jiran gwamnati. Kabu-kabu muka hau ta ɓarauniyar hanya, muka isa fututu da ƙura kamar an tono mu. Wanda ya yi mana rakiya a kan nasa babur shi ne saurayin autar, wanda har an kai kuɗin gaisuwa, yaro mai tsafta da ladabi, in yana gaida Inna ko ɗaga kai ba ya yi.

Wani yayanmu da ke karatu a Ingila ya taɓa ba mu labarin cewa a can mashaya ake cika ana kallon ƙwallo, shi da ba ya sha sai ya sayi lemo ya rakuɓe a lungu. Ya ce ranar da Nijeriya ke wasa nan take zai gane ɗan gida ko da bai buɗe baki ba. Mu namu gidan kallon ba ruwansa da wannan, rumfar kwano ce da bencina da mai shayi a bakin ƙofa. Irinta ɗan gwaggo ya kafa a jikin katangar gidansu, da ɗan injin wutarsa, ana biyan dala ashirin, wato sefa 100. Mata ba sa shiga, wannan kowa ya sani. Amma tagar ɗakin da aka sauke mu tana kallon cikin rumfar, don haka muka kashe fitila, mu wajen takwas har da amarya da lallenta, muka yi cirko-cirko a jikin taga.

Wasan ƙarshe ne na gasar cin kofin Afirka, Nijeriya da Kwaddibuwa mai masaukin baƙi, a birnin Abijan, ƙarfe tara na dare. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mai sharhin da Faransanci yake zuba, ban tsinci komai ba sai sunan Osimhen. Kai jama'a! 'Yan wasan ƙasarki ne, rigar ƙasarki ce, amma sai an yi miki tafinta. A nan na fara jin wani abu a ƙirjina, na ce ashe dai na bar gida.

Na yi zaton duk Ƙonni Kwaddibuwa za su bi saboda haushin takunkumi. Ba haka na gani ba. Rumfar rabuwa ta yi, kuma masu bin Nijeriya sun fi yawa. Wani dattijo da ke gaba da carbinsa ya ce, "Mu wa za mu bi? Da Tinubu da Watara duk bakinsu guda bisa kanmu. Amma Nijeriya nan diyana suke aure." Aka kwashe da dariya. Su ma fa sun san daɗin abin, tunda ƙungiyarsu ta Mena ta je gasar a 2012 da 2013.

Minti na 38 kyaftin Troost-Ekong ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga. Rumfa ta kaure, autarmu ta ƙanƙame ni, amarya ta manta da lalle ta tafa. Ana cikin wannan murna sai muka ga mutumin namu ya haye kan benci, ya cire hula yana juyi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Mu ne Nijeriya! Mu kashe muku wuta, mu rufe muku iyaka, kuma ku biya kuɗi ku kalle mu!"

'Yar'uwa, kin taɓa jin shirun da ya fi ihu ƙara? Ba abin da ake ji sai kukan injin wuta. Ki tuna mutanen nan wata shida ke nan suna kwana cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara sun karye, abinci da magani sun yi tsada, a gidan bikin nan ma da fitilar waya aka yi wa amarya kitso. Kuma rabin waɗanda ya gaya wa maganar yanzun nan suka gama yi wa ƙasarsa tafi. Wasu samari biyu suka miƙe. Dattijon nan ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Ku zamna. Baƙon gidanga ne." Sannan ya kira mai shayi ya ce a haɗa wa baƙo mai kauri, shi zai biya.

Na juya na dubi auta. Ta saki tagar ta koma bakin gado ta zauna.

Sauran wasan kun san shi. Kessié ya farke a minti na 62, sannan a minti na 81 Haller ya ɗaga ƙafa ya taɓa ta biyu, mutumin da a 2022 aka gano yana da ciwon daji har aka zaci ya gama da ƙwallo. Ni kaina, Allah Ya gani, sai da na ji tausayinsa ya rage mini zafin rashin. Ƙasar da muka ci 1-0 a zagayen farko, wadda ta sha 4-0 a hannun Ikwatoriyal Gini har ta kori kocinta ana tsakar gasa, ita ta ɗauki kofi. Ba wanda ya yi wa mutuminmu dariya, wallahi ina kallo. Wani ma dafa kafaɗarsa ya yi ya ce sai haƙuri. Shi kuwa ya ture hannun, ya yi fatali da kofin shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya tada babur a daren nan ya nufi Illela. Bai yi wa gwaggo sallama ba, bai tambayi yadda za mu koma ba. Da safe ɗan gwaggo ne ya bar aikinsa ya raka mu har ƙofar gida.

Ba zan yi masa ƙarya ba, bayan kwana biyu ya zo da fara'arsa da ledar tsire, ya ce zafin ƙwallo ne, kuma kowane namiji haka yake. Wataƙila da gaskiyarsa, na san gidajen da ba a cin tuwo da daɗi ranar da aka ci Arsenal. Inna ma bayansa ta bi, ta ce, "Ke yanzu a kan tamaula za ki watsa maganar aure? Me za mu ce wa mutane?" Auta, wadda ko musu ba ta iya ba, ta ce, "Inna, ni ba cin da aka yi mana ya dame ni ba. Lokacin da muke da ci ɗaya nake tunawa." Ta roƙi Baba a ɗaga sa rana har ta gama jarrabawar fita sakandare. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce an ɗaga.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka. Lahadin farko sai ga gwaggo ta zo cin kasuwa, ta biyo ta gida da ƙullin kayan biki na waɗanda ba su samu zuwa ba. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta dubi auta ta ce, "Ke diyata, ina Mai Wuta?" Ashe sunan da duk unguwarsu ke kiransa da shi ke nan, har yara. Auta ta rufe fuska tana dariya, dariyar da ta ƙare da hawaye.

Ta gama jarrabawar tuni. Har yau idan Baba ya tada maganar sa rana, sai ta ce a ƙara mata lokaci.