Fashin baƙi: Yadda ake warware rikici tsakanin mai gida da ɗan kwangilar aikin famfo

Aikin famfo yana cikin ayyukan gini da ba a gane lafiyarsu ranar da aka kammala su. Idan magini ya karkata bango, ido zai gani nan take. Amma bututun ruwa a cikin bango yake, an shafe shi da siminti, an manna tayil a kai. Sai an tare an yi wata biyu ko uku, sannan fenti ya fara kumbura a bangon da ke jingine da banɗaki, ko kuma tankin da aka cika da daddare a wayi gari ya koma rabi. A lokacin an riga an sallami ɗan kwangila, ya kama wani aikin.

Daga nan ce-ce-ku-ce ke tashi. Mai gida ya ce ha'intarsa aka yi, mai aikin ya ce kayan da aka ba shi ne ba su da inganci. Kowannensu na iya zama mai gaskiya, shi ya sa kafin a yi maganar biyan diyya ya wajaba a tabbatar da ainihin abin da ya jawo yoyon.

Akwai lahanin da ba makawa na mai aikin ne. Bututun roba na PVC da gam ake haɗa shi. Idan ba a goge bakinsa ba, ko aka saki ruwa kafin gam ya kama, mahaɗar za ta riƙa ɗiga. Na PPR kuwa da zafi ake narka bakinsa a haɗa, kuma idan zafin ya yi yawa sai robar ta tattare daga ciki ta rage hanyar ruwa. Haka nan bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa sokawe, idan ba a ba shi isasshiyar gangara ba, toshewa zai riƙa yi komai tsadarsa.

Akwai kuma wanda ba nasa ba. Mai tayil ko kafinta kan huda bututu da ƙusa bayan mai famfo ya gama nasa ya tafi. Sannan ga batun kaya, wanda a nan ne yawancin gardamar take. Masu gida da dama kan sayo kayan da kansu don gudun kada a ƙara musu farashi, su biya ladan aiki kawai. Wanda ya yi haka ya ɗauki alhakin ingancin abin da ya sayo, musamman idan mai aikin ya gargaɗe shi ya ƙi ji. Idan kuwa kwangilar ta haɗa kaya da aiki, ɗan kwangila ba shi da hujjar ɗora laifi a kan kasuwa, domin shi ya zaɓa.

Hanyar da ta fi raba gardama ita ce ɓangarorin biyu su amince da wani ƙwararren mai famfo da ba shi da hannu a aikin, ya duba a gabansu. Yakan toshe bakunan famfo, ya matsa ruwa cikin bututun da na'urar gwaji, ya lura ko ma'aunin zai sauka. Wannan gwaji kamata ya yi a ce an yi shi tun kafin a shafe bango, amma sau da yawa gaggawar tarewa ba ta bari.

Babban kuskuren da masu gida ke yi shi ne su fusata su kira wani ya fasa bango ya gyara, sannan su nemi na farko ya biya. Da zarar an cire bututun an jefar, shaida ta tafi. Abin da ya dace shi ne a rufe ruwan sashen nan da nan, domin kotu ba ta cika ɗora wa wani asarar da mai ƙara ya zuba ido ta ƙaru ba. A ɗauki hoto da bidiyo kafin fasawa da lokacin fasawa, a kuma adana guntun da aka yanke. Rashin rubutacciyar yarjejeniya ba ya kashe magana. Alkawarin baka ma kwangila ce, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da saƙonnin waya, irin na WhatsApp, da shaidar tura kuɗi ta banki, idan an cika sharuɗɗansa.

Bayan haka sai a sanar da ɗan kwangilar a rubuce, a zayyana lahanin, a ba shi wa'adi ya zo ya gyara. Sashe na 130 na Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ya ce wanda aka yi wa aiki yana da haƙƙin a yi masa shi a kan lokaci, da ingancin da mai hankali zai sa ran samu. Idan aka gaza, yana iya neman a gyara lahanin ko a mayar masa da wani kaso na kuɗin gwargwadon gazawar. A lura, kaso dokar ta ce. Wanda aka yi wa banɗaki huɗu, ɗaya ya lalace, ba zai karɓi kuɗin huɗun ba. Hukumar FCCPC, wadda dokar ta kafa, tana karɓar irin wannan ƙorafi.

Inda bai kamata a nufa ba shi ne ofishin 'yan sanda, ko da yake nan ne mutane da yawa ke fara zuwa. Sashe na 8 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana kama mutum saboda saɓa kwangila kawai. Mai gidan da ya sa aka tsare ma'aikaci don bututu ya yi yoyo na iya tsintar kansa a gaban babbar kotu ana neman diyyar tauye haƙƙi daga gare shi. Wanda ya karɓi kafin alƙalami da niyyar damfara ya gudu, wannan wata magana ce dabam.

Sulhu ya fi dacewa da irin wannan rikici, domin sau da yawa kuɗin gyaran bai kai na lauya ba. Mai unguwa, ko shugabannin ƙungiyar masu sana'ar, ko wanda ya haɗa su tun farko, duk suna iya shiga tsakani, kuma ma'aikacin da ke cin abinci da sunansa a unguwa ba ya son maganar ta yi nisa. Idan hakan ya faskara, akwai cibiyoyin sasanci da ke ƙarƙashin manyan kotuna. Legas ce ta fara buɗe irinsu a 2002, Abuja ta biyo baya a 2003, daga bisani Kano da wasu jihohi suka kafa nasu. Amfaninsu shi ne yarjejeniyar da aka cimma, idan alƙali ya sa mata hannu, tana zama hukuncin kotu da za a iya tilasta aiwatarwa.

Idan sulhu ya ci tura, akwai kotunan ƙananan da'awa, waɗanda Legas ta fara a 2018 don da'awar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, da nufin kammala shari'a cikin kwana 60. Jihohi da yawa sun bi sahu, kowace da iyakar kuɗinta, kuma mutum na iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba.

Ko a gaban wa aka sasanta, a rubuta abin da aka amince: wane gyara za a yi, zuwa wace rana, wa zai sayi kaya, wa zai biya mai tayil da mai fenti. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa, alhali kuɗin mayar da bango yadda yake kan ninka na bututun. A kuma sa sharaɗin cewa ba za a sake shafe wurin ba sai an gwada ruwa a gaban shaidu, sannan mai gida ya riƙe wani ɓangare na cikon kuɗin na 'yan watanni, kamar yadda ake yi a manyan kwangilolin gini.