Addini da dimokraɗiyya: Darasi daga Turkiyya da Amurka

A duk lokacin da aka tayar da batun barazanar da masu ra'ayin riƙau na addini ke yi wa dimokraɗiyya, hankalin kafofin yaɗa labaran Yamma kan karkata ne ga ƙasashen Musulmi. To amma tarihin Turkiyya da na Amurka, waɗanda tsarin mulkinsu ya raba addini da gwamnati, na nuna cewa lamarin ya wuce addini ɗaya.

Turkiyya

Mustafa Kemal Ataturk ya rushe halifanci a shekarar 1924, kuma a 1937 aka rubuta a tsarin mulki cewa gwamnati ba ruwanta da addini. Sojoji ne suka naɗa kansu masu gadin wannan aƙida. A 1997 sun tilasta wa Firayim Minista Necmettin Erbakan yin murabus, kana kotu ta haramta jam'iyyarsa ta Refah a 1998. A 1999 an hana 'yar majalisa Merve Kavakci yin rantsuwar kama aiki saboda ta sanya ɗankwali. Ke nan a wancan zamani masu kare tsarin ne suka tauye zaɓin jama'a.

Jam'iyyar AKP ta Recep Tayyip Erdogan ta ci zaɓe a 2002, ta rage ƙarfin sojoji, ta kuma ɗage haramcin ɗankwali a ma'aikatun gwamnati a 2013. Sai dai daga baya lamura sun sauya. Ƙuri'ar raba gardama ta 2017 ta tattara iko a hannun shugaban ƙasa. A 2019 hukumar zaɓe ta soke nasarar ɗan adawa Ekrem Imamoglu a Istanbul, ya sake cin zaɓen, sannan a watan Maris na 2025 aka kama shi bisa zargin cin hanci, zargin da magoya bayansa suka ce siyasa ce.

Amurka

Gyaran farko na tsarin mulkin Amurka na 1791 ya hana kafa addinin gwamnati. Amma bayan Kotun Ƙoli ta haramta addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati a 1962, ta kuma halatta zubar da ciki a 1973, Kiristoci masu ra'ayin riƙau sun shiga siyasa gadan-gadan. A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority don wannan manufa.

Hanyarsu ita ce akwatin zaɓe da kotu. Kimanin kashi 80 cikin 100 na fararen fata mabiya ɗarikar Ebanjelika da suka yi zaɓe a 2016 sun zaɓi Donald Trump, wanda ya naɗa alƙalai 3 a Kotun Ƙoli. A 2022 kotun ta soke hukuncin 1973. Wannan duka bisa doka aka yi. Abin da ya tayar da hankali shi ne harin 6 ga Janairun 2021 kan majalisar dokoki, inda wasu da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓe suka riƙa ɗaga gicciye da tutoci masu sunan Yesu.

Ina ma'aunin yake?

Neman a kafa doka bisa tarbiyyar addini ta hanyar ƙuri'a haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Jam'iyyar CDU mai tushen Kiristanci ta daɗe tana mulki a Jamus, Ennahda ta Tunisiya kuma ta sauka daga gwamnati a 2014 ba tare da zubar da jini ba. Haɗarin yana farawa ne idan masu mulki suka ƙi karɓar shan kaye, ko suka mayar da kotu makamin yaƙar abokan hamayya, ko suka ɗauki mabiya wani addini a matsayin baƙi a ƙasarsu. Da waɗannan abubuwa uku ne ya kamata a auna kowace jam'iyya, ko daga masallaci ta fito ko daga coci.