Gaskiya ko Jita-jita: Sarki da Doka a Ƙasar Hausa

A zaurukan hira na Dakoro, idan maganar sarauta ta taso, akwai zantuka huɗu da ake yawan maimaitawa kamar an tabbatar da su. Ga abin da tarihi ya ce a kansu.

"Kafin zuwan Turawa ba mu da rubutu a kan mulki."

Jita-jita ce. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa Tajuddin, littafin da ya tsara abin da ya wajaba a kan sarki: zaman shari'a, sa ido kan hakimai, da tara dukiya ta hanyar halal. Bayan shekaru ɗari uku, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wa Kanawa Liya'ul Hukkam, Muhammadu Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa. Turawa sun tarar da waɗannan littattafai a hannun malamai.

"Sarkin da, abin da ya ga dama yake yi."

Wannan ma jita-jita ce, ko da yake an yi azzaluman sarakuna. Gobir, wadda Birnin Lalle na ƙasar Dakoro ya taɓa zama babban birninta, tana da majalisar Tara, masu zaɓen sarki, ga kuma Inna da maganarta ke da nauyi a fada. A Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka kafa sabuwar fada bayan jihadi, Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi ne ke naɗa sarki, kuma in ya kauce hanya suna iya tuɓe shi. Sarkin da ya san rawaninsa na hannun wasu, dole ya auna takunsa.

"Su Turawa tun asali ba su yarda sarki ya fi ƙarfin doka ba."

Ba haka ba ne. A 1598 Sarki James na Sikotilan, wanda ya hau gadon Ingila a 1603, ya wallafa littafi yana cewa Allah kaɗai ke da ikon tuhumar sarki. Ɗansa Charles ya riƙe wannan aƙida har ya gwabza yaƙi da majalisa, aka fille masa kai a 1649. Marubuta suka rabu biyu: wasu na kare sarauta, John Milton na kare hukuncin da aka yanke. A 1689 kuma littafin John Locke ya fito da hujjar cewa mulki amana ce daga jama'a. Da jini da tawada suka kai ga wannan matsayi.

"Littattafan malaman jihadi sun kawo ƙarshen zalunci."

Rabin gaskiya ce. Kitabul Farƙi, ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, ya soki jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki, kuma sukar ta dace. Amma jangali bai mutu ba, har Turawa suka zo suka ci gaba da karɓarsa. Abdullahi ɗan Fodiyo da kansa ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas saboda son duniya da ya gani a wurin abokan tafiya. Sannan Bagobiri na da haƙƙin tuna cewa ɓangaren da ya yaƙi Gobir ne ya rubuta wannan littafi, don haka a karanta shi da lura.

Me ya sa wannan ya dame mu? A Dakoro, inda gona ta yi iyaka da makiyaya, rigimar burtali da rijiya da ɓarnar dabbobi gaban sarki ko mai gari take fara zuwa. Manomi ko makiyayin da ya ce, "Ranka ya daɗe, a bisa wace hujja aka yanke wannan hukunci?" bai yi rashin kunya ba, kuma bai ari ɗabi'ar baƙi ba. Malamanmu sun rubuta masa wannan haƙƙi, fadojin kakanninmu sun yi aiki da shi, kuma sarki mai adalci ba ya jin tsoron amsa tambayar.